Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Za Ka Shiga Guruf Ɗin Wani A Matsayin Baƙo Ka Fito Da Kwastoma

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba, da waɗanda sai sun fita bayan gari sannan sabis yake kama wayarsu. 'Yan uwana na ƙauyukan Gaya da Ajingi sun san abin da nake nufi.

Yau maganar neman halak za mu yi, kuma wata ƙanwarmu ce daga Ajingi ta jawo ta. Sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suke yi ita da mahaifiyarta. Ta turo mini saƙo ta ce: "Yaya, wata 6 ke nan kullum sai na ɗora kayana a sitatus. Masu kallo ba sa wuce mutum 60, kuma duk na san su, daga dangi sai ƙawayen makaranta. Su ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Wanda ma ya saya, bashi yake karɓa. Ina zan samo kwastoman da ba ɗan gidanmu ba?"

To ƙanwata, bari mu fara da yadda abin yake aiki. A WhatsApp, sitatus ɗinki ba ya isa ga kowa sai wanda kika ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki. Haka saƙon nan da ake tura wa mutane da yawa a lokaci ɗaya: jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma duk wanda bai ajiye lambarki ba, ba zai gan shi ba. Ma'ana, wata 6 ɗin nan talla kike yi a tsakar gidanku. Kayanki na iya fin na kowa kyau, amma masu jin kiran naki su ne dai waɗanda kuke cin tuwo tare.

Hanyar fita da nake so mu tattauna yau ita ce ki je a matsayin baƙuwa cikin taron da wani ya riga ya tara.

Ga yadda ake yi. Akwai guruf-guruf masu yawan gaske a WhatsApp da Telegram da Facebook na mutane masu sana'a iri ɗaya: na masu abincin sayarwa, na teloli, na masu kiwon kaji, na masu POS, na tsofaffin ɗaliban wata makaranta, na matan aure masu kasuwanci daga gida. Da yawansu suna ware rana su gayyato wani daga waje ya yi musu darasi na awa ɗaya ko biyu. Admin zai kulle guruf, ya ba baƙo damar magana shi kaɗai, ya yi bayani da rubutu ko saƙon murya, sannan a buɗe a yi tambayoyi. A X, wato tsohuwar Twitter, Spaces ake buɗewa a yi hira kai tsaye. A Facebook kuma bidiyo ake yi kai tsaye. Wannan kujerar ta baƙo ita nake so ki nema.

Tun watan Nuwamban 2022 guruf ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024. Na Telegram yana kaiwa 200,000. Ki kwatanta da mutum 60 ɗinki. Amma wallahi ba yawan ne ya fi muhimmanci ba. Abin da kike samu a can wanda sitatus ba zai ba ki ba shi ne amanar wanda ya gabatar da ke.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne da intanet ta kawo mana. Kakanninmu fatake, masu zuwa Gwanja sayo goro, in sun isa garin da ba su san kowa ba, ba sa zube kaya a tsakiyar kasuwa su hau kiran masu saye. Zango suke nufa, su sauka a gidan fatoma. Shi zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya raɗa musu wanda ake ba bashi da wanda ba a ba shi. In ciniki ya faɗa, a fitar da la'ada. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa suke cinikin shanu da goro a can. Abin da ya tarar shi ne: mai shanu ya taso daga Arewa, mahauci Bayarabe ya karɓi shanu bashi, su biyun ba su san juna ba, amma ciniki yana tafiya saboda mai gidan da ya tsaya a tsakani da sunansa da mutuncinsa. Har gobe in ka je kara a Wudil ranar Juma'a, da wuya ka ga baƙo ya sayar da sa ba tare da dillali ba.

To admin ɗin guruf shi ne fatoman wannan zamanin. Ya shekara yana tara mutanen nan, yana raba faɗa, yana korar 'yan damfara, har suka yarda da shi. Ranar da ya ce "jama'a ga baƙuwarmu ta yau," aron wannan yardar ya ba ki. Da ɗan gari akan ci gari.

Su ma Turawa sun yi nazarin wani abu makamancin haka. A 1973 wani malamin jami'a a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama, ba daga aminansu na kusa ba. Dalili kuwa, amininka abin da ka sani shi ya sani, mutanen da ka sani su ya sani. Sabon labari daga wani zagayen yake shigowa. Mu mutanen Gaya ma fita nema ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda tarihi ya ce maƙeran Abagayawa daga nan suka tashi zuwa gindin Dala neman tama. Bambancin kawai, yau ba sai ka bar garinku ba.

Kafin in faɗi yadda ake yi, bari in faɗi yadda na yi na sha kunya, don kada ku ɗauka daga littafi nake karanto muku.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ba aiki, sai na fara taimaka wa masu ƙananan sana'o'i yin rajistar sunan kasuwanci, ina kuma zana musu tambari. Wata Hajiya mai guruf na mata 'yan kasuwa a cikin Kano ta ji labarina, ta ce in zo in yi musu bayanin amfanin rajista. Aka sa rana, aka kulle guruf, aka ba ni fili. Kun san da me na buɗe? Da hoton tallata, da farashi, da lambar asusun banki. Na yi ɗan bayani na sake turo hoton. Da aka buɗe tambayoyi, wata ta ce mene ne bambancin rajistar sunan kasuwanci da ta kamfani. Tambaya mai kyau, amsarta ba ta fi layi uku ba. Ni kuwa na ce ta biyo ni ta bayan fage. Wata ma ta tambaya, na sake cewa ta biyo ni. Ko minti 40 ba a yi ba Hajiya ta rufe darasin.

Washegari ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi: "Ɗan nan, na kira ka ka koyar da 'ya'yana, ka zo ka buɗe shago a falona." Har yau in na tuna sai na ji nauyi. Kuma ban tsaya nan ba, don kafin a cire ni na riga na kwashi lambobin mutane, na bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon talla. Wasu suka toshe ni, wasu suka kai ƙarar lambar, aka rufe mini layin. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Kwastoma ko ɗaya ban samu ba, na kuma rasa Hajiyar da za ta iya kai ni wurare goma.

Bayan wata 4 na sake samun dama a wani guruf na teloli. A wannan karon na juye duk abin da na sani a fili: takardun da ake buƙata, yadda ake duba ko wani ya riga ka ɗaukar suna, har na gaya musu cewa mutum yana iya yi da kansa a shafin hukumar CAC ba sai ya biya ni ba. Mutum 9 suka neme ni bayan an tashi. Biyu suka ba ni aiki a satin. Wani sai bayan wata 3 ya dawo, ya kuma zo da ƙaninsa. Mutumin da ka koya wa yadda ake abu, sau da yawa shi ne zai ce to tunda ka iya, yi mini kawai.

Yauwa. Yanzu mu bi abin daki-daki.

Na farko, zaɓen guruf. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu tafi wurin abokan sana'armu. Mai man gyaɗa ta shiga guruf ɗin masu man gyaɗa, wa zai saya? Ki tambayi kanki wa yake ƙarar da kayanki kullum. Masu abincin sayarwa, masu ƙosai da masa, masu tsire da suke buƙatar ƙuli saboda yaji, masu kilishi da suke neman tunkuza, masu girkin biki. Can ne kasuwarki. Kai kuma mai haɗa sola, guruf ɗin masu kemis da masu aski da masu cajin waya za ka nema, don su ne rashin wuta yake tsayar wa da ciniki. Kafin ka nemi kujera, ka zauna a ciki kamar sati ɗaya kana kallo. In aka yi tambaya ana amsawa? Ko kowa talla kawai yake jefawa ya fita? Guruf mai mutum 150 da suke hira da juna ya fi mai mutum 1,000 da ya zama juji.

Na biyu, shiga ta hannun mai gida. Kada ka rubuta wa admin ka ce "ina so in tallata kayana." Irin wannan saƙon kullum yana samun goma. Ka je masa da abin da mutanensa za su ƙaru da shi. Misali: "Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Ajingi ce, gidanmu shekara da shekaru man gyaɗa ake yi. Na ga masu girki suna yawan kukan mai yana yi musu wari kafin ya ƙare. In kin amince zan so in yi bayanin awa ɗaya a kan yadda ake zaɓen mai da ajiye shi, kyauta. A ƙarshe in kin ba ni izini zan faɗi yadda za a same ni." Kun ga an yi sallama, an faɗi matsala, an nemi izini. In da hali ki aika mata kwalba ɗaya da ƙullin ƙuli ta ɗanɗana, don gani ya kori ji. Sannan ku yi maganar la'ada tun da wuri. Wani admin kuɗin fili yake karɓa, wani rangwame yake so a yi wa mutanensa, wani kaso yake so a kan kowane ciniki, wani kuma don Allah yake yi. Ko wanne ne, a faɗe shi a rubuce kafin ranar, kada a zo ana jin nauyin juna daga baya.

Na uku, darasin kansa. Abu ɗaya tak za ka ɗauka, wanda yake ci wa mutanen tuwo a ƙwarya. Kuma kada ka raina abin da ka sani don a ƙauye ka koye shi. Ƙanwata, ke kin san gyaɗar da ta yi fumfuna ba a haɗa ta cikin ta mai, kuma masana lafiya sun tabbatar irin wannan gyaɗar tana ɗauke da guba mai illa ga hanta. Kin san rana da zafi da barin baki a buɗe su ne suke sa mai ya canza wari. Mai girki a Abuja ba lallai ta san wannan ba. Kai mai sayen wake a kasuwannin ƙauye, ka san yadda wasu suke zuba maganin ƙwari a buhu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ka kuma san buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda yake hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Wannan darasi ne sukutum. Kai mai kiwon raguna, ana saura wata ɗaya Babbar Sallah ka shiga guruf ɗin ma'aikata ka nuna musu yadda ake gane shekarun rago ta haƙori, cewa manyan haƙora biyu na gaba suna fitowa ne wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar da za su sayi rago, wa kake jin za su tuna?

Sai shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta komai a waya tun kwana biyu kafin ranar, ka naɗi saƙonnin muryarka ka ajiye, ka tura wa kanka. In lokaci ya yi, turawa kawai za ka dinga yi. Mu da muke nan mun san sabis yana iya ɗaukewa ana tsakiyar magana, to ka san wurin da ya fi kamawa, ka cika waya da caji, ka tanadi layi na biyu. Kowane saƙon murya kada ya wuce minti 2, kuma ka bi shi da taƙaitaccen rubutu, don wani yana cikin mutane ba zai iya kunnawa ba. Ka rage dogayen bidiyo. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mutane sai sun yi lissafi kafin su sauke abu mai nauyi. Lokaci kuma, bayan Isha'i ya fi, an ci abinci an zauna.

Na huɗu, lokacin tambayoyi, kuma a nan ainihin cinikin yake ɓuya. Ku tuna yadda kasuwa take: akwai mai wucewa yana kallo, akwai mai tsayawa ya yi tambaya, akwai mai tayawa, akwai mai biya. Aikinka a daren nan shi ne ka gane masu tambaya. Wadda ta ce "jarka nawa zan buƙata in ina suyar ƙosai kullum," ta riga ta gaya maka tana sayen mai da yawa. Ka amsa mata a fili, cikakkiyar amsa, ka kira sunanta. Mutum ɗaya ne ya tambaya amma da yawa suna karantawa, kuma da wannan amsar suke auna ka. In an tambayi abin da ba fanninka ba, ka ce ba fanninka ba ne, ka nuna wanda ya fi ka sani. Wannan ba ya rage maka komai. Kana yi kana rubuta sunayen masu tambaya da abin da suka tambaya a takarda.

Na biyar, ƙofar fita. Minti 5 na ƙarshe ne naka, da izinin admin. Ka faɗi abin da kake sayarwa, da garin da kake, da abu ɗaya da kake so su yi. Ɗaya fa, ba ka ce su bi ka a Facebook su bi ka a TikTok su kira ka su shiga wani guruf ba. Misali: "Duk mai son jerin farashi da kuɗin aike zuwa garinsa, ya rubuto mini kalmar MAI a wannan lambar." Shi ke nan. Wanda ya rubuto da ƙafarsa ya zo, ba kai ka bi shi ba. Ka gaishe shi, ka tura abin da ka yi alkawari, ka roƙe shi ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Ƙanwata, kin ga inda muka dawo? Sitatus ɗin nan naki da ba ya kawo komai, yanzu masu kallonsa sun fara zama mutanen da suke buƙatar mai da gaske. In ba ki da WhatsApp Business ki sauke shi, kyauta ne, tun 2018 yake. Yana da wurin jera kaya da farashi, da alamomin da za ki rarrabe wanda ya tambaya, da wanda ya biya, da wanda ake jiran kayansa su isa.

Na shida, bibiya. Wanda ya yi maka magana da daddare, kada rana ta sake faɗuwa ba ka amsa masa ba. Ka samu littafi, ka rubuta suna, gari, abin da yake so, da lokacin da ya ce zai buƙata. In ya yi shiru ka taɓa shi sau ɗaya bayan kwana 3, ka sake bayan sati 2, daga nan ka ƙyale shi, sitatus zai ci gaba da tuna masa. Kuma ka sa a ranka yawanci ba za su saya ba. Mu ɗauka guruf na mutum 300, wataƙila 50 ne suka biyo darasin, 10 suka yi maka magana, 2 suka saya. Wani zai ce duk wahalar nan a kan mutum 2? To in ɗayansu mai gidan abinci ce da za ta dinga karɓar jarka duk wata, lissafa abin da ya kama a shekara. Sannan ka yi haka sau 2 a wata a guruf daban-daban.

Yanzu gargaɗi, kuma ina so a ji ni da kyau.

Kada ka kwashi lambobin mutane. Na gaya muku abin da ya same ni. Ban da rufe layi, tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma lambar waya tana ciki. Ko ba doka ma, cin amanar mai masauki ne. Ga 'yan uwa mata kuma, shawarata ku ware layi na kasuwanci daban da na gida, ku rubuta lokacin da kuke amsa saƙo, duk wanda ya kauce daga maganar kaya a toshe shi, a kuma sanar da admin. Mu maza mu ji tsoron Allah, wadda ta zo neman halak ɗinta ba hira ta zo yi ba.

Abu na gaba, ku sani mutane sun ƙone. An yi MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disambar 2016. An yi CBEX ta rushe a Afrilun 2025. Irin waɗannan da yawa ta guruf suke shigowa, da darasi mai daɗi da hotunan alat. Don haka in wani ya yi ɗari-ɗari da kai kada ka ji haushi, yana da dalili. Kai ne za ka sauƙaƙa masa yarda. Sunan asusun bankinka ya dace da sunan da ka gabatar da kanka da shi. Ka bar shi ya fara da kaɗan. Ka faɗi gaskiyar kuɗin mota da kwanakin da kaya za su yi, tunda daga Gaya ko Ajingi sau da yawa sai kaya sun biya ta Kano sannan su kama hanyar Abuja ko Legas. Ka ɗauki hoton kayan a tasha, ka tura masa lambar direba. Kai ma ka kare kanka, kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna.

Ku kuma masu riƙe da guruf, ku ne fatoma, to ku yi aikin fatoma. Kafin ka ba mutum fili ka san garinsu, ka san wanda ya san shi, ka ga kayansa. Duk baƙon da darasinsa ya ƙare da "zuba kaza ka samu ninki a sati," ka rufe masa ƙofa. In ya cuci mutanenka, shi zai canza layi ya ɓace, kai ne za a riƙe.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: komawa wurin mai gida. Washegari ka yi masa godiya. In an yi ciniki ka gaya masa, ka kai masa la'adarsa ba sai ya tambaya ba. In wani daga cikin mutanensa ya yi ƙorafi a kan kaya, ka gyara da wuri ko da za ka yi asara, don sunan wani ka ara. Bayan nan ne za ka iya cewa: "Hajiya, ko akwai wani admin da kika sani da wannan darasin zai amfani mutanensa?" Masu guruf sun san juna kamar yadda dillalai suka san juna. Kalma ɗaya daga bakinta ta fi tallar wata guda.

Wani zai ce duk wannan me ya haɗa shi da gwagwarmayar matasa da muke yi? Ya haɗa mana. Duk shekara da an gama girbi samarinmu suke cika mota zuwa cin rani. Wakenmu da riɗinmu da gyaɗarmu suna fita da arha daga kasuwannin ƙauye, su isa Dawanau, daga can wasu har ƙasashen waje, kuma mai noman ko sunan mai sayen bai sani ba. Ba ina cewa a kori dillali ba, yana da aikinsa kuma yana da haƙƙinsa. Cewa nake a ƙara ƙofa. In yarinya a Toranke ko saurayi a Kademi yana da kwastoma 5 tsayayyu a birni da suke kiransa da sunansa, ya samu bakin yin farashi, ya kuma samu dalilin zama a gida. Mu da muka yi jami'a, ko a Wudil ko a Kano ko a Dutse, muna da waya da iya rubutu. Iyayenmu suna da sana'a da sanin kaya. Ka zauna da mahaifiyarka ko kawunka, su faɗa kana rubutawa, darasinka na farko ya samu.

Ga aikin gida na wannan satin. Ka rubuta sana'arka. A ƙasa ka rubuta mutane iri 3 da suke ƙarar da kayanka. Ka nemo guruf ɗaya na ɗaya daga cikinsu ka shiga, ka zauna sati ɗaya ba talla, in an yi tambayar da ka san amsarta ka amsa. Sannan ka rubuta wa admin. In ya ce a'a ka yi godiya ka nemi wani. Ƙanwata ta Ajingi, ke na fi jira. Ki gaida Mama, ki ce mata wannan karon ita ce malamar, ke kuma mai riƙe waya.

Wanda ya gwada ya turo mana yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, za mu karanta a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu zama masu riƙe ta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.